Idan Babu Calgon, Me Za a Zuba a Tankin Motar Gida Inda Ruwa Ke da Alli?

Mai motar gida, irin motar nan mai ɗaki da kicin da ban ɗaki a ciki wadda Amurkawa ke kira RV, da wuya ya yi wata uku a Arizona ko Nevada bai fara ganin alamu ba. Zai juye tankin masai tas, amma allon bango da ke nuna yawan abin da ke cikin tanki ya nace wai har yanzu kashi biyu cikin uku a cike yake. Hannun bawul ɗin juyewa zai yi tauri sai an sa ƙarfi. In ya duba gwiwar bututu mai haske, wadda ake ganin abin da ke wucewa ta cikinta, sai ya ga farin tsaki yana bin ruwan kamar ɓarzajjen masara.

Tsohuwar dabarar da masu irin waɗannan motoci suka gada ita ce wadda suke kira Geo: a narkar da kofi 2 na garin Calgon, wato garin tausasa ruwa da ake zubawa a wanki, a galan ɗaya na ruwan zafi a zuba a tankin da aka juye, a bi shi da kofi ɗaya na omo. Matsalar ita ce Calgon ɗin wanki ba a kowane shago ake samunsa ba, kuma ba shi da araha. Ga shi akwai kayan wanka masu ƙamshi da ke ɗauke da sunan Calgon, waɗanda ba su da alaƙa da wannan aiki. Wasu ma ruwan tausasa tufafi irin Downy suke saya, alhali shi maiƙo yake bari a jikin tanki, ba ya taɓa alli ko kaɗan. To me zai maye gurbinsa?

Abin da ke manne wa tankin

Ruwa mai alli shi ne wanda ya kwaso sinadaran kalsiyam da magniziyam daga duwatsun da ya ratsa. Duk wanda ya taɓa ganin farin ɓawo a gindin butar shayi da ake dafa ruwan burtsatse ya san shi. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana ɗaukar ruwan da ya haura miligiram 180 a lita a matsayin mai alli sosai. Masu sayar da kayan ruwa a can da giren suke awo, giren ɗaya a galan daidai yake da miligiram 17.1 a lita. Ruwan Las Vegas, wanda galibinsa daga kogin Kolorado yake ta tafkin Mead, yana wajen giren 16 zuwa 18. Na San Antonio a Texas, da ke fitowa daga ƙarƙashin dutsen farar ƙasa, yana tsakanin 15 da 20. Ka ɗauki tanki mai galan 40, wato kusan lita 150, da ruwa mai miligiram 300 a lita: kowane cikawa giram 45 na alli ke shiga. Ba duka ke zama ba, amma ana cikawa ana juyewa duk mako.

Ƙanzon da yake bari iri uku ne, kuma ba magani ɗaya ke gare su ba. A tankin wanke-wanke, wanda suke kira na ruwan toka, alli na haɗuwa da sabulu da maiƙon abinci ya zama wani kitse mai danƙo. A duka tankunan biyu akwai ɓawon alli zalla. A tankin masai kuwa, wanda suke kira baƙin tanki, akwai na uku da ya fi su taurin kai, sunansa siturbait. Fitsari in ya kwana yana sakin amoniya, yana kuma ɗauke da fosfat. Magniziyam ɗin ruwa ya same su, sai su daskare su zama dutse. Irin dutsen da ke fitowa a ƙodar wasu masu ciwon sanyin mafitsara ne.

Ga abin da duk zaɓin ya rataya a kai. Kowace mai girki ta san kanwa na kashe tsami. Ɓawon alli da siturbait duka a ruwan da ya karkata ɓangaren kanwa suke ƙanƙara, a ruwa mai tsami kuma suke narkewa. Calgon kansa ba ya narkar da tsohon ƙanzo yadda za a gani. Aikinsa shi ne ya riƙe allin a narke cikin ruwa har a juye shi waje. Saboda haka hanawa daban, cirewa daban, kuma yawancin kuɗin da ake asara a wannan harka na masu zuba maganin hanawa ne a tankin da ya riga ya yi ɓawo.

Ma'aunan zaɓe

Na farko, shin abin yana hana sabon ƙanzo ne ko yana cire tsoho. Na biyu, in hanawa yake yi, riƙe allin yake a narke ko saukar da shi yake ƙasan tanki ya zama laka. Na uku, me yake yi wa robobin bawul da na bakin masai, domin tankin kansa roba ce mai jure wa kusan komai, sil ɗin, wato robar da ke hana yoyo, shi ne ke fara mutuwa. Sai kuɗi, da tsawon lokacin da aikinsa ke ɗauka kafin a sake, da wahalar yi, da haɗari ga mutum da kuma ramin masai na zango, wato wurin da masu irin wannan mota ke sauka, inda za a juye.

Kafin komai a sayi takardar gwajin alli, ƴan daloli ce. A tsoma a ruwan famfon zango a ga launi. Ƙasa da giren 7, ruwa mai yawa da ɗan sabulun wanke-wanke sun wadatar, ba sai an karanta sauran ba.

Sodar wanki

Ita aka fi ba da shawara saboda araha: kwalin Arm & Hammer mai kusan kilo ɗaya da rabi bai wuce dala 5 zuwa 7 ba. Ƴar uwar kanwa ce ta jini, domin a Amurka daga dutsen kanwa da ake haƙowa a Green River ta jihar Wyoming ake yin ta. Tana yanka maiƙo sosai, kuma gaskiya ne tana tausasa ruwa. Amma ta yaya? Tana fizgo allin daga cikin ruwa ta mayar da shi farin gari. A injin wanki wannan ba komai ba ne, ana juyawa ana zubarwa cikin rabin awa. A tankin da zai zauna kwana biyar ba motsi, garin sauka yake ya kwanta a ƙasa da bakin bawul. Giram 50 kacal ya isa ya saukar da allin tanki mai lita 150, mutane kuma kofi guda suke zubawa, sai ruwan ya haura 10 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, daidai yanayin da siturbait ke so.

A tankin masai dai an gudu ba a tsira ba. A tankin wanke-wanke tana da amfani in za a yi tafiya: rubu'in kofi a narke cikin ruwan ɗumi, a zuba da safe, mota ta girgiza shi a hanya, a juye da yamma. Tana cin fatar hannu, tana kuma dusashe alminiyam, don haka a sa safar hannu, kada kuma a narka ta a tukunyar alminiyam.

Bekin soda kuwa ba ta tausasa ruwa yadda za a gani. Wari take ragewa, shi ke nan.

Boraks

Ana haƙo shi a garin Boron na Kalifoniya, ana sayar da shi da sunan 20 Mule Team, kwali mai kusan kilo biyu a dala 6 zuwa 8. Ƙarfin kanwarsa bai kai na sodar wanki ba, yana tsayawa wajen 9 da ɗoriya. Yana rage wari, yana sa jikin tanki santsi, yana taimaka wa omo. Rabin kofi ake zubawa bayan kowace juyewa. Ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, in aka zuba shi gari sai ya dunƙule a ƙarƙashin masai, don haka a jiƙa shi a lita 4 na ruwan ɗumi tukuna.

A ruwa mai giren 8 zuwa 12 yana yin abin da ake so. A ruwan Las Vegas ƙarfinsa bai kai ba, kuma har yanzu ɓangaren kanwa yake tura tankin. Ga mai zuba maganin bakteriya, wato wanda ke ɗauke da bakteriya masu narkar da ƙazanta, yawan boraks na rage musu kuzari. Guba ne in yaro ko dabba ta haɗiya, Tarayyar Turai ta sa shi cikin sinadaran da ke iya cutar da haihuwa, ruwansa kuma na ƙone tsiro, don haka ba a zubar da shi a gindin bishiya.

Sabulun injin wanke kwanuka

Irin Cascade da makamantansa. Abin da ya sa yake aiki shi ne an haɗa shi don ruwa mai alli tun asali: akwai sinadarin riƙe alli a ciki, akwai enzayim masu cin maiƙo da sitaci, kuma ba ya kumfa. Tun 2010 aka cire masa fosfat a Amurka, wanda alheri ne ga tankin masai. Ƙulli 2 zuwa 4 a narke cikin ruwan ɗumi, a cika tanki rabi, a yi tafiyar awa ɗaya ko biyu. Ga sensa, wato na'urar jikin tanki da ke gaya wa allon bango yawan abin da ke ciki, in maiƙo ko takarda ta lulluɓe ta, da wuya a samu abin da ya fi shi sauƙi. Ɓawon dutse kam ba ya taɓa shi. A karanta bayan kwalba, wasu masu ruwa-ruwa suna da bilic a ciki, waɗannan a bar su.

Sitirat na haɗin gida

Wannan ya fi kowanne kama da Calgon a yadda yake aiki, ga shi ba a cika ambatarsa ba. Calgon na asali, wanda ya fito a Pittsburgh a shekarun 1930, fosfat ne. Na yanzu da wasu sinadarai yake riƙe alli, sitirat na cikinsu. Shi kuwa sitirat ana samunsa ta haɗa garin tsamin lemo, wato sitirik asid, da bekin soda.

Ga tanki mai lita 150 da ruwa mai giren 17, a auna giram 90 na garin tsami da giram 115 na bekin soda. A narkar da tsamin a lita 4 na ruwa cikin babban bokiti, a riƙa barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan, domin zai taso da kumfa kamar an girgiza kwalbar lemo. In kumfar ta kwanta, ruwan ya zama ba tsami ba kanwa, sai a zuba ta masai bayan an juye. Ba ya cin roba, ba ya saukar da laka, ba ya kashe bakteriya. Rauninsa ma daga nan yake: bakteriya na cinye shi, a zafin Yuma ko Phoenix na Arizona bayan ƴan kwanaki ƙarfinsa ya ragu. Wanda ke juyewa duk kwana huɗu ko biyar bai da matsala. Kuɗin kowace zubawa bai kai dala biyu ba in an sayi garin da yawa.

Tsami: garin lemo da farin khal

A nan ne ake cire tsohon ƙanzo, kuma a nan aka fi yin kuskuren awo. Farin khal, wato binega, na shago kashi 5 cikin ɗari ne tsami, saura ruwa. Galan guda, in duk ƙarfinsa ya tafi kan ɓawo, abin da zai narkar bai wuce giram 160 ba. Wanda ya zuba kofi biyu a tanki mai lita 150 ya ce ya wanke, ruwan famfon kansa ya kashe tsamin kafin ya taɓa bango. Kilo ɗaya na garin tsamin lemo kuwa yana yin aikin kusan galan 5 na khal, ba shi da wari, ba shi da nauyin ɗauka. Jaka mai kilo biyu da ɗan kai tana tsakanin dala 15 da 25, galan na khal kuma dala 3 zuwa 5, ka ga lissafin ya nuna inda riba take. Khal ya fi dacewa da ƙananan ayyuka: kwanon masai, kan shawa, tukunyar ruwan zafi.

Yadda ake wankin tsami:

1. A juye tanki, a kurkure da tiyo ko bututun wankin ciki har ruwan da ke wucewa ta gwiwa ya fito garau. Tsamin da aka zuba kan ƙazanta a kanta zai ƙare.
2. A tabbata babu ragowar bilic a ciki. In an taɓa zubawa, a ƙara kurkurewa sau biyu.
3. A rufe bawul. In akwai ƙarin bawul mai murɗawa a bakin bututu, a ɗaura shi, domin wani lokaci ƙanzon ne ke toshe yoyon tsohon sil, yana narkewa sai ɗiga ta bayyana.
4. A narkar da kilo ɗaya da rabi na garin a bokitin ruwa mai ɗumi, kamar digiri 50. Ba tafasasshe ba, yana lanƙwasa bututu yana ɓata sil.
5. A zuba ta masai, a cika tanki har ruwa ya rufe sensa ta sama. Wannan ya ba da tsami kashi 1 cikin ɗari.
6. A bar shi awa 12 zuwa 24. Za a ji yana ɗan tsuwwa, iska ce ke fita, ta bututun iska na rufin mota take bi, don haka a duba bai toshe ba.
7. A juye, a kurkure sau biyu, a shafa wa sandar bawul man silikon.

Kada a wuce kwana ɗaya. In tsamin ya ƙare ƙarfi, allin da ya ɗauka na iya sake sauka ya zama farar laka, an koma gidan jiya. In ɓawon ƙasan tanki ne ya yi kauri, gara a zuba lita 40 kawai da giram 800, a yi tafiya da shi. Tanki rabi ya fi cikakke girgiza. Abin da ya fi faruwa bayan wanki shi ne ɓallin ƙanzo ya maƙale a ramin da wuƙar bawul ke shiga, sai ya ƙi rufuwa ruf. Kada a danna da ƙarfi, wuƙar roba ce. A buɗe a rufe a hankali ruwa na gudu har ɓallin ya fita.

Ruwan tsami lita 150 bai dace da ƙaramin ramin masai na zango ba, yana dagula bakteriyar da ke aiki a ciki. A kai shi wurin juyewa da ke haɗe da magudanar gari. Wanki ɗaya yakan riƙe wata uku zuwa shida, gwargwadon ruwan wurin.

Tukunyar tausasa ruwa ta tafi-da-gidanka

Duk na baya a cikin tanki suke yaƙi. Wannan a bakin famfo take tare allin kafin ya shigo. Tulu ne mai kama da tukunyar gas, cike da ƙwayoyin roba ƙanana kamar gero, waɗanda ke kama kalsiyam da magniziyam su saki sodiyam. Ana ɗaura ta tsakanin famfon zango da motar. Girma biyu aka fi sani, mai giren 8,000 da mai 16,000, kuɗinsu daga wajen dala 180 zuwa 300.

Lissafin mai sauƙi ne, a raba girman da allin ruwan. Mai 16,000 a ruwa mai giren 17 za ta ba da kusan galan 940. Mutum biyu masu amfani da galan 30 a rana, wata guda ke nan. In takardar gwaji ta fara canza launi, sai a farfaɗo da ita da gishirin girki marar haɗi: kwali 2 masu giram 737 ga babbar, ɗaya ga ƙaramar. A zuba ta sama, a saki ruwa siriri kamar kaurin fensir na ɗan lokaci, sannan a buɗe sosai har ɗanɗanon gishiri ya ɓace. Lokaci-lokaci a juya tiyo a tura ruwa ta baya don ƙwayoyin su warware.

Abin da ke kashe ta uku ne. Kulorin na ruwan gari na cin ƙwayoyin a hankali, maganinsa matatar gawayi a gabanta. Ruwan rijiya mai tsatsa na lulluɓe su. Sanyi mai daskarar da ruwa kuma na fasa tulun. In an kiyaye waɗannan tana shekaru. Nauyin babbar kusan kilo 15 ne, ga cin wuri, ga ruwan gishirin farfaɗowa da ba a zubarwa a ƙasa sai a magudana.

Ga mai dogon zama, a nan kwalliya ke biyan kuɗin sabulu, domin ba tanki kaɗai take karewa ba, har da tukunyar ruwan zafi da famfuna da bawul ɗin masai. Sai dai a lura da abu biyu. Tiyon da ake wanke tankin masai da shi sau da yawa kai tsaye daga famfo yake, bai bi ta tulun ba. Kuma fitsari na ɗauke da nasa magniziyam ɗin, don haka siturbait raguwa yake, ba ya ɓacewa gaba ɗaya.

Matatar gawayi mai launin shuɗi da kowa ke ɗaurawa a tiyo ɗanɗano da wari take gyarawa, alli wucewa yake abinsa. Maganaɗisun da ake maƙalawa a bututu ma kada a dogara da shi.

Maganin bakteriya da wankin matsi

Maganin bakteriya da enzayim takarda da ƙazanta yake narkarwa, yana hana su zama matattarar da ƙanzo zai kama. Abokin tafiya ne ga sitirat ko tulun tausasawa, ba madadinsu ba. Tsofaffin magunguna masu fomaldihaid kuwa Kalifoniya ta haramta sayar da su tun farkon 2022, saboda suna kashe ramukan masai na zanguna.

In ɓawo ya kai kaurin da wankin tsami biyu bai motsa shi ba, akwai masu sana'ar wanke tanki da ruwa mai matsi, suna zura tiyo ta bututun juyewa. Suna karɓar wajen dala 200 zuwa 350.

| Zaɓi | Hana sabo | Cire tsoho | Kuɗi | Ɗorewa | Wahala | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Sodar wanki | Tana saukar da laka | Maiƙo kawai | Araha ƙwarai | Juyewa ɗaya | Kaɗan | Cin fata, ƙara siturbait |
| Boraks | Matsakaici | A'a | Araha | Juyewa ɗaya | Kaɗan | Guba ga yara da tsiro |
| Sabulun injin kwanuka | Kaɗan | Maiƙo da takarda | Matsakaici | Ƴan makonni | Sai an yi tafiya | Wasu na da bilic |
| Sitirat na gida | Sosai | A'a | Ƙasa da dala 2 | Kwana 4 zuwa 5 | Awo da haɗawa | Kusan babu |
| Garin tsamin lemo | A'a | Sosai | Dala 10 zuwa 17 a wanki | Wata 3 zuwa 6 | Yini guda | Haɗuwa da bilic |
| Farin khal | A'a | Kaɗan | Tsada in da yawa | Gajere | Kaɗan | Haɗuwa da bilic |
| Tulun tausasawa | Ya fi kowa | A'a | Dala 180 zuwa 300 | Shekaru | Gishiri duk wata | Sanyi, nauyi |
| Wankin matsi | A'a | Ya fi kowa | Dala 200 zuwa 350 | Shekara ko fiye | Babu | Tsohon sil na iya yoyo |

Abubuwan da ba a haɗawa

Bilic da kowane irin tsami suna fitar da iskar kulorin, bilic da fitsarin da ya kwana kuma suna fitar da wata iskar mai ƙona huhu. A ɗaki mai faɗin taku biyu kamar ban ɗakin mota, wannan ba wasa ba ne. Bilic ɗin ma busar da sil yake yi. Sodar yin sabulu da ruwan buɗe toshewar bututu zafi suke yi a cikin roba har ta lanƙwashe. Asid mai ƙarfi na wanke siminti yana cire ƙanzo kam, amma yana cin ƙarfen sensa, hayaƙinsa kuma ta masai zai dawo. Haka nan zuba tsami da sodar wanki lokaci guda asarar duka biyun ce.

Akwai kuma abin da babu sinadarin da zai gyara: barin bawul ɗin tankin masai a buɗe a zango. Ruwa na tsiyayewa, ƙazanta ta taru ta bushe, alli ya ɗaure ta kamar siminti. A bar shi rufe sai ya kai kashi biyu cikin uku, kuma bayan kowace juyewa a zuba lita 10 zuwa 15 na ruwa kafin a fara amfani.

Wa ya dace da me

Mai fita hutun ƙarshen mako ko mako biyu a shekara bai da buƙatar tulu. Boraks rabin kofi ko sabulun injin kwanuka a ranar komawa gida, da wankin tsami sau ɗaya kafin a ajiye motar, sun ishe shi.

Wanda zai yi damina ko hunturu guda a wuri ɗaya, irin masu sauka Quartzsite da Yuma daga Nuwamba zuwa Maris, ga ruwa ya haura giren 15, ya sayi tulu mai 16,000. Motar da ba ta motsi ba ta samun girgiza, don haka sodar wanki ta fi cutar da shi fiye da kowa. In wuri ko kuɗi bai ba da dama ba, sitirat bayan kowace juyewa da wankin tsami duk wata uku.

Wanda ya sayi tsohuwar mota sensa na ƙarya, ya fara da sabulun injin kwanuka, domin sau da yawa maiƙo ne da takarda. In bai gyaru ba, wankin tsami. In an yi sau biyu tsaki na ta fitowa, a kira masu wankin matsi, sannan a fara hanawa daga tanki mai tsabta. Sensar da ta ci gaba da ƙarya bayan duk wannan, a musanya ta da irin wadda ake mannawa a bayan tanki, kamar SeeLevel, wadda ruwa ba ya taɓawa.

Wanda damuwarsa wari da danƙo a tankin wanke-wanke kawai, sodar wanki ranar tafiya ta wadatar. Ya kuma bar sabulun sanda ya koma na ruwa, ya goge maiƙon tukunya da takarda kafin wankewa, domin sabulun sanda ne ke haɗuwa da alli ya yi wannan kitsen.

Mai ƙananan yara ko dabba a mota, da wanda ke juyewa a ramin masai na gidansa, su tsaya kan sitirat da maganin bakteriya, boraks kuma ya zauna a shago.